Malam Birki da Fanka Ɗaya

Shekara talatin da ɗaya mahaifina ya yi yana koya wa mutane tuƙi, kuma a duk tsawon shekarun nan ban taɓa jin wanda ya ce ya gan shi a giya ta huɗu ba. Motar makarantarsu wata 'yar ƙarama ce fara mai birki biyu, ɗaya a gaban ɗalibi, ɗaya a gaban malami. Na malamin ya sha ƙafa har robar ta cinye, ƙarfen ya fito yana ƙyalli. Shi ya sa unguwa ta laƙaba masa Malam Birki, shi kuwa bai taɓa jin haushin sunan ba, don a ganinsa yabo ne. Ko a gida, in wani ya zo wucewa da kofin shayi da sauri, sai ka ga ƙafarsa ta dama ta danna ƙasa.

Ya koya wa malaman makaranta, ya koya wa 'yan kasuwa, har da wata tsohuwar unguwarzoma da ta yi wata tara kafin ta iya ribas. Mutum ɗaya ce tak ta gagare shi, ita ce Mama. Ina 'yar shekara biyu ya kai ta filin koyo. Ta tayar da mota, ta taka totur, motar ta yi gaba, abin ya yi mata daɗi ta ƙara takawa. Shi kuma ya danna nasa birkin har goshinta ya gaisa da sitiyari, ya daka mata tsawa a gaban ɗalibai uku. Mama ta buɗe ƙofa, ta gyara mayafinta, ta tako gida da ƙafa. Tun daga ranar ba ta sake zama a kujerar direba ba, kuma ba a tayar da zancen a gidanmu sai in ana neman rigima.

Da makarantar ta koma hannun ɗan mai ita, ya kawo sababbin motoci da samarin malamai, Baba ya ajiye aiki ya dawo gida. A nan ne muka gane ashe ɗalibai ne suke kare mu duk shekarun nan. Ya zauna a falo ya mai da kowa ɗalibinsa. Mama ta fito daga kicin da tukunya, ya ce ba ta duba hagu da dama ba. Mai kawo ruwa ya jingine kurarsa, ya fita ya nuna masa yadda ake fakin. Wata uku da fara wannan, Mama ta kira ni a waya ina tsaka da aiki a kemis ɗin da nake sayar da magani.

"Ko ki samo wa ubanki abin yi," in ji ta, "ko ki samo mini wani gidan."

A makon ne mijin wata abokiyar aikina zai koma wani gari, yana neman wanda zai karɓi kayan tseren motarsa na kwamfuta. Sitiyari ne sosai da ake ɗaurewa a tebur, da sandar giya a gefe, da abin takawa guda uku a ƙasa, kuloci da birki da totur, ga babban allo, ga kwamfutar kanta, baƙa, girmanta ya kai ƙaramin akwati. In ka zauna sai ka ga titi a gabanka, kuna tsere da mutane na gaske da ke wasu garuruwa ta intanet. Na kwaso su na kai gida, muka haɗa a ɗan ɗakin baya inda Mama ke ajiye akwatuna. Ni na kawo, don haka duk abin da ya biyo baya a kaina aka sauke shi, kuma har yau ana saukewa.

Ranar farko Baba ya zagaya kayan sau biyu, ya tambayi inda sigina take. Na ce motar tsere ba ta da sigina. Ya girgiza kai, ya ce to Allah Ya kyauta. Sannan ya tafi ya sa takalminsa sau-ciki da safa, ya sa safar hannu, ya ɗauko tsohon bel ɗin wandonsa ya ɗaure kansa a jikin kujera.

"Baba, kujerar nan ba inda za ta je fa."

"Haka kowa ke faɗa kafin a yi hatsari."

Tuƙinsa a tsere abin kallo ne. Tun kwana tana can nesa ya fara taka birki, sai na baya su yi ta afka masa. In ya hango mota a madubi sai ya kauce ya ba ta hanya, har ya ɗan gyaɗa kai. Wata huɗu yana yi, in ya ƙarasa tsere to shi ne na ƙarshe, kuma da tazarar da masu shirya abin kan jira shi su rufe. Amma kullum ya fito yana murna. "Ban bugi kowa ba," zai ce. Falo ya huta, mai kawo ruwa ya huta, Mama har ta fara ƙiba.

Wata rana na kai masa shayi na tarar ya gama, yana zaune yana shafa sitiyarin da babban yatsa. Bai dube ni ba ya ce, "Kin san shekara talatin da ɗaya na yi a kujerar da ba ta da wannan?" Na ajiye kofin na fita. Gaskiya maganar ta taɓa ni, don ban taɓa tunanin mutumin da ya ƙare rayuwarsa a mota yana kewar tuƙi ba.

Sai zafi ya shigo. Ɗakin baya tagarsa ɗaya, tana kallon yamma, kuma Baba rufe ta yake yi ya saki labule don haske yana kashe masa allo. Kwamfutar kuwa in ta ɗauki aiki iska take furzarwa mai zafi kamar an buɗe murfin tukunya, daidai ƙaurinsa. Ga takalmi, ga safa, ga safar hannu, ga bel. Na ce ya cire ko da takalmin ne, ya ce direban kirki ba ya tuƙi da silifa. Na ajiye masa gorar ruwa a gefe, ya ce hannu biyu a sitiyari, ba a ci ba a sha a kan titi, shekara talatin yana faɗa wa mutane haka ba zai karya da kansa ba.

Fankar sama ta ɗakin ta daɗe da mutuwa, sai wata ta tsaye guda ɗaya da muka jawo daga falo. A nan wata matsalar ta ɓullo. In aka juya fankar ga Baba, kwamfuta ta yi zafi ta ɗauke a tsakiyar tsere. In aka juya ta ga kwamfuta, Baba ya jiƙe sharkaf. In aka sa ta tana juyawa tsakaninsu, su biyun duka su sha wahala. Baba bai yi wani dogon tunani ba, ya ba injin fankar.

Ranar wata Talata da la'asar Mama ta ji shiru ya yi yawa, ta leƙa. Ta same shi ya langaɓe a kujera, bel ɗin wandon ne kawai ya hana shi faɗuwa, motarsa kuma ta soki katangar taya tana ta kuka. Da muka kai shi asibiti, abin da ya fara faɗa bayan ya dawo hayyacinsa shi ne, "Kun ga amfanin bel?" Likita ya ce ruwan jikinsa ne ya ƙare, ga jininsa ya hau. Aka ƙara masa ruwa leda biyu muka dawo.

Mama ba ta yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ban tsoro. Ta je ta samo babban kwali ta ajiye a ƙofar ɗakin baya.

"Na yarda ya dame ni a falo," ta ce da ni. "Gara ya dame ni yana numfashi."

Baba ya zauna a bakin gado yana kallon hannayensa, sai na ga ya tsufa a yini ɗaya. Akwai wani tsere na awa biyu da ya yi wata guda yana shiri dominsa, ranar Asabar ta sama. Na bi Mama kicin na yi ta magiya, na haɗa ta da Allah da Annabi, na yi mata wanke-wanke ba ta sa ni ba. Da ƙyar ta yarda da sharaɗi. Zai yi tseren Asabar. In ya ƙarasa ba jiri, kuma aka auna hawan jininsa, awon sama bai wuce ɗari da arba'in ba, kayan su zauna. In ya wuce ko da ɗaya ne, su shiga kwali. Ita za ta auna da hannunta, don ta ce ni ba ta yarda da ni ba.

Kwana goma na yi ina fama da zafin ɗakin nan. Na jiƙa tawul na rataya masa a wuya, ruwan ya ɗiga ya bi ƙafar wando ya shiga takalmi, ya ce kuloci yana zame masa. Na kawo baho da ruwan sanyi don ya tsoma ƙafar hagu in ba ta aiki, ya dube ni kamar na zage shi. Na cika gorori shida da ruwa na sa a firiza su daskare, na jera su a gaban fanka, wannan ya ɗan yi aiki, sai dai don su samu wuri na fitar da kifin Mama na manta shi a kan kantar kicin, gidan ya kwana biyu yana ba da labari. Tagar kuwa na buɗe ta da ƙarfin tsiya, na rataya jiƙaƙƙen zanen gado a maimakon labule, haske bai shigo ba, iska ta shigo.

Shan ruwan ne ya fi ba ni wuya, har dabara ta zo mini a wurin aiki. Na ɗauko sabuwar robar ƙarin ruwa, irin wadda aka sa masa a asibiti, na cire allurar, na zura kai ɗaya a kula mai ƙanƙara da na ɗora a kan akwatunan Mama, ɗaya kan na maƙale shi a kwalar rigarsa da abin matse shanya, daidai bakinsa. In ya ɗan karkata kai sai ya zuƙa. Ya gwada, ya tsaya yana neman dokar da aka karya, bai samu ba.

"Hannuna biyu suna kan sitiyari," ya ce a hankali. "To, wannan ya halatta."

Masu shirya tseren suna wata ƙasa inda a lokacin ake sa rigar sanyi, don haka suka sa shi ƙarfe biyu na rana ba tare da tunanin kowa ba. Ranar Asabar kuwa rana ta fito kamar da gayya. Motoci ashirin suka jeru, Baba na ashirin. Ni ina gefe da gorori da tawul. Mama ta jawo kujera ta zauna a bakin ƙofa, na'urar awon jini a cinyarta, kwali a gefenta, ta kawo wake tana tsincewa don a san ba kallo ta zo yi ba.

Awa ta farko lafiya lau. Samari suka yi ta karo da juna a kwana, shida suka fita, Baba ya ratsa ta cikin tarkacensu a hankali yana cewa, "Gaggawa ke nan." Yana zuƙar ruwansa, fanka tana kansa, ƙanƙara tana aikinta. Har na fara murmushi ina satar kallon kwalin.

Da aka shiga awa ta biyu gororin suka narke, zanen taga ya bushe ƙayau. Wani jan rubutu ya fito a kusurwar allo, hoton ya fara tsinkewa, kwamfutar tana huci.

"Injin ya tafasa," in ji Baba. "Juya masa fankar."

"Baba, kai fa?"

"Na ce ki juya. In ya ɗauke an gama."

Gaskiyarsa ne, in kwamfutar ta ɗauke bai ƙarasa ba, kuma kwali ya ci. Na juya fankar, na ruga na sake jiƙa zanen, na dawo na durƙusa ina riƙe da murfin kwamfutar a buɗe don iskar ta shiga cikinta sosai. Jan rubutun ya tafi. Baba kuma ya fara narkewa. Gumi ya taso daga tsakiyar kansa, ya bi goshi, ya tsallake gira ya shiga ido. Yana ta ƙifce-ƙifce, yana girgiza kai, motar tana tangaɗi a titi, amma ya ƙi ɗaga hannu ko ɗaya ya share. Ni kuma hannuwana duka biyu suna riƙe da murfi.

Na ji an ajiye tiren wake. Mama ta zo ta tsaya a kansa, ta fizgi tawul ta goge masa fuska da ƙarfi kamar tana goge tebur.

"Mutum da girmansa," ta ce, "zai makance a kan motar da ko kasuwa ba za ta kai shi ba."

Ta juye waken a kan zanenta da ke kan akwati, ta ɗauki tiren ta fara yi masa fifita. Tana fifita tana mita, tana lissafa masa duk taurin kan da ya yi mata tun kafin a haife ni. Ba a fi minti goma ba mitar ta fara raguwa. Na ɗago na ga idonta yana kan allo.

"Wannan jar da ke madubi, ta wane ne?"

"Wani ne ya yi hatsari ya gyara, yana bayana."

"Bayanka? Akwai wanda ke bayanka?"

"Yanzu zai wuce. Ya fi ni sauri."

Motoci goma sha huɗu suka rage, Baba na goma sha uku, abin da bai taɓa faruwa ba. Saura zagaye biyu, jar motar tana ƙara girma a madubi. Mama ta ƙara saurin fifitar har tiren yana ƙara.

"Malam, ka taka mana!"

"Akwai kwana a gaba."

"Kwanar tana can garin su wa! Taka!"

Ya sha kwanar, ya sha ta gaba, jar tana manne da shi. Aka shiga zagaye na ƙarshe. Da suka fito kwanar ƙarshe suka hau miƙaƙƙen titin da zai kai su layi, na ga abin da na saba gani. Kafaɗar Baba ta sauka, ya fara karkata sitiyari gefe, ƙafarsa ta dama ta fara ɗagowa daga totur. Zai ba shi hanya.

Mama ta ɗaga ƙafarta da silifa, ta ɗora a kan takalminsa sau-ciki, ta danna da duk nauyin da ta tara a wata huɗun nan.

Injin ya yi wata irin kururuwa da ɗakin bai taɓa ji ba. Baba ya ƙwalla salati, ya riƙe sitiyari gam, robar ruwan ta fizge daga kwalarsa tana tsiyaya a cinyarsa. "Maman yara, ɗaga! Ɗaga!" Ita kuwa ta dafa kafaɗarsa ta ƙara dannawa tana ihu, "Miƙe! Miƙe kawai!" Suka tsallake layin, jar motar tana bayansu da tsawon hannu.

Ɗakin ya yi tsit, sai hucin mutum uku da na kwamfuta. Baba ya zura wa allo ido. Ga sunansa na goma sha uku, ga wani sunan a ƙarƙashinsa. Ya sa yatsa ya taɓa sunan na ƙasa, ya yi wata 'yar dariya.

Mama ta gyara ɗankwalinta, ta koma yadda take. Ta ba shi minti goma ya huta, ta sa ya shanye ruwan da ya rage a kula, sannan ta naɗa masa na'urar a dantse. Muka zuba wa na'urar ido tana kumbura tana sacewa. Ɗari da arba'in da shida.

Na buɗe baki zan ce ai Mama ce ta tayar masa da hankali, ya ɗaga mini hannu. Shi mutum ne da bai taɓa ba ɗalibi takardar shaida a kan ya kusa ba. Ya kwance bel ɗin, ya cire safar hannu ya ninke, ya sunkuya ya fara kwance ƙarfen da ya riƙe sitiyari a tebur. Na ji ƙwalla ta cika mini ido, na ji haushin Mama, na ji haushin kaina da na kawo kayan tun farko.

Mama ta tsaya tana kallonsa. Sai ta naɗa na'urar a nata dantsen ta danna. Ɗari da hamsin da takwas. Ta dubi lambar, ta kashe, ta ajiye na'urar a cikin kwalin.

"Abin nan ba ya aiki daidai a zafi," ta ce. "Malam, dakata tukuna. Motar nan taka, akwai wani birkin a gefe?"

Ya ɗago. "Babu. Guda ɗaya ne."

"Na wanda ke tuƙi kaɗai?"

"Shi kaɗai."

"To mai da ƙarfen ka ɗaure. Tashi. Ke kuma matso mini da kujerar gaba, ƙafata ba ta kaiwa."

Ta zauna da silifarta, ta kama sitiyari da hannu biyu. Baba ya dubi silifar, na ga maganar ta zo masa har leɓe, ya haɗiye ta. Ya nuna mata kuloci, ya nuna mata giya, da murya ƙasa-ƙasa irin wadda ban san yana da ita ba. Fanka tana kan kwamfuta, don haka ya ɗauki tiren waken ya tsaya a bayanta yana yi mata fifita.

Ta taka totur, motar ta yi gaba, ta ƙara takawa. Kwanar farko ta taho a guje. Ƙafar Baba ta dama tana ta danna simintin ɗakin, Mama kuwa ta sa giya ta huɗu.